Takardar da Na Buga wa Matar Madadi

Shekarar da albashinmu na malaman makaranta ya koma sai an ga dama, na fara koyon rubuta shafin intanet a wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗan asibitin yayana a Gwarzo. Littafina fotokwafi ne, rabinsa ya dushe. Janareto kuwa awa biyu ne a rana, ko minti ɗaya Yaya ba ya ƙarawa.

Abin da na fi tsoro a lokacin shi ne saƙon kuskure. Ka manta ɗan waƙafi, ko ka buɗe baka ba ka rufe ba, sai kwamfutar ta ɗaure fuska ta ce akwai matsala a layi na arba'in. Ka je can ka tarar lafiya lau, ɓarnar tana sama. Na sha zaginta, Allah Ya yafe mini.

Yaya ya ba ni jadawali biyu, ɗaya na sunayen marasa lafiya, ɗaya na sakamakon gwaji, ya ce in haɗa su ta yadda kowa zai tafi da takardarsa. Littafin ya ce da lambar kati ake haɗawa. Mutanenmu kuwa kati ba ya sati a hannunsu, don haka rabin shafin ya fito wayam. Sai na yi dabara, na haɗa da suna. Na manta cewa a nan sunan gari ake ɗorawa bayan suna, kuma a ƙauyen Madadi kaɗai mata da yawa ne ke amsa suna ɗaya. Shafi ya fito tsaf, kwamfuta ba ta ce uffan ba, na yi ta fankama.

Wata rana bayan azahar nas ɗinmu, 'yar Filato, ta shigo da littafin gwaji.

"Malam, matar Madadin da ka buga wa takarda da safe, gwajin zazzaɓi kawai na yi mata, amma takardar ta ce tana da ciki. Mai cikin wata ce dabam, amarya. Wannan kuwa shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta."

Lokacin shari'a ta shigo da zafinta, kullum rediyo na kawo labarin zawarawan da ciki ya kai su gaban alƙali. Na buga sahihiyar takarda na hau babur ɗin Yaya, sai Madadi. Har yau ban tuna yadda na bi hanyar ba.

Na sami mahaifinta a zaure, dattijo, yana gyaran ƙotar fartanya. Ko gaisuwa ban iya kaiwa ƙarshe ba.

"Baba, kuskurena ne. 'Yarka ba ta da komai sai zazzaɓi."

Daga bayan ƙofa na ji muryarta, ta dishe da kuka.

"Malam, mu ba mu iya boko ba. A bakin masallaci Baba ya bayar aka karanta masa."

Dattijon ya ajiye fartanyar. "La'asar ta yi. Zo ka karanta wannan a inda aka karanta waccan."

Bayan sallama na miƙe na karanta da ƙarfi, na faɗi laifina. Sahu biyu ne. Muna fitowa Baba ya ce da azahar sahu biyar ne, don an yi jana'iza a unguwar, kuma baƙin duk sun koma garuruwansu.