Baba Mai Ƙofa da Kabad ɗin Littattafan Waƙa

Da asubahin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Ubangiji ya kira bawansa Baba Mai Ƙofa, mai tarbar jama'a a bakin majami'armu shekara talatin da ɗaya. Ni da na nemi a ba ni wannan rubutu na yi shirin zubar da hawaye cikin ƙasaitattun kalmomi, amma alƙalamina sai rawar murna yake yi. A gafarce ni, akwai dalili.

Baba, kai ne Babban Hafsan Bencina, Shugaban Rundunar Tsintsiya, Likitan Littattafan da Bangonsu Ya Ɓalle. Kai kake rako tsofaffi da laima tun daga bakin titi. Ranar Asabar kana share ƙofar majami'a, ka zarce har ƙofar maƙwabtanmu da ba sa sujada tare da mu, ga shi kuwa su suka fara kawo kujeru gidan makokinka. Sai dai duk ikilisiya ta san aibinka guda: littattafan waƙa ba su taɓa isa ba a hannunka. Kowace Lahadi mutum biyu littafi ɗaya, kai kuma kake zaɓar wanda zai zauna kusa da wani. In an yi ƙorafi, ka ɗaga hannu ka ce, “Abin da ke hannuna ke nan.”

Mun daɗe kafin mu lura cewa masu gaba da juna kake haɗawa. Mata biyu da suka yi cacar baki a bakin famfo, littafi ɗaya. Mai ganga da shugaban mawaƙa, littafi ɗaya. Yawancinsu ba sa kai wata guda sai ka gan su suna dariya a harabar majami'a.

Mutum biyu ne suka gagare ka: mahaifina da ƙanensa, Baffana. Tun ranar da Baffa ya sare bishiyar mangwaron da kakanmu ya dasa, shekara bakwai ke nan, ko gaisuwa ba ta shiga tsakaninsu ba. Ka zaunar da su benci ɗaya Lahadi bayan Lahadi, kowa ya kama gefen littafin da yatsa biyu kamar mai riƙe da garwashi. Mu 'ya'yansu muka girma muna gaisawa a ɓoye. Na ji tsoro ƙwarai ka tafi da begen gidanmu.

Ranar jana'izarka, Mama, uwargidanka, ta danƙa mini makullin kabad ɗin bayan bagade, ta ce, “Ɗana, ya ce kai za ka riƙe ƙofa.” Na buɗe. Jama'a! Littattafai sittin sababbi ful, jere reras, ko shafinsu ba a taɓa buɗewa ba! Ashe ba ka taɓa yin ƙarya ba, Baba: abin da ke hannunka ka faɗa, ba abin da ke kabad ba.

Majami'a ta cika maƙil, ana ta miƙo mini hannu don karɓar littafi. Na dubi littattafan, na hango mahaifina da Baffa suna shigowa ta ƙofa dabam-dabam. Na mai da kabad na kulle. Na zaunar da su wuri ɗaya, na miƙa musu tsohon littafi guda.

Ana cikin waƙa hawaye suka rufe idon mahaifina, ya ɓace a baiti. Sai Baffa ya ɗora yatsa kan layin, ya ce, “Yaya, na uku muke.”

“Na sani,” in ji mahaifina. “Matso da shi, yatsanka ne ya rufe layin.”

Kalmomi goma da 'yan kai, bayan shekara bakwai! Tare suka ɗauki akwatinka, tare suka koma gida suna musu kan wanda ya fi ɓata waƙar. Jiya Baffa ya aiko mana da dashen mangwaro a cikin gwangwani.

Ubangiji ya karɓe ka cikin hutunsa, Baba, ya gafarta kurakuranka, ya sa ka ji muryar Almasihu tana ce maka bawan kirki. Ya ta'azantar da Mama, da 'ya'ya da jikoki, da ikilisiya baki ɗaya, ya ba mu zuciyar hidima irin taka. Amin.

Ga 'yan'uwa kuma sanarwa daga sabon mai ƙofa: makullin yana aljihuna, na kuma san duk waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ranar Lahadi littattafai ba za su isa ba.