Ƙugiyar da Anti Waya Ba Ta Ƙirga Ba

Anti Waya ba ta taɓa karatun injiniya ba, kuma duk wanda ya kira ta injiniya sai ta gyara masa. Buga takardu aka ɗauke ta yi a babban laburare, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Kawunta, ƙanen mahaifiyarta, shi ya kai ta, ya tsaya mata a gaban manya ya ce yarinyar tana da kai. Shekarar da aka zo shimfiɗa wayoyin kwamfuta, masu aikin suka yi rabi suka ɓace, ita ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga ƙarƙashin tebura ta ƙarasa. Daga nan sunan ya bi ta. Yanzu tana da 'ya'ya uku, da miji direban motar asibiti, da gwiwar hagu mai ƙara in ta hau bene, da makullin wani ɗaki mai sanyi a hawa na biyu wanda ba mai shigarsa sai ita.

A ɗakin nan saba take, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da injin binciken laburaren. Duk wanda ya rubuta abin da yake nema, daga zauren karatu ko daga gidansa, ita ke amsa masa. Kowace tambaya kuma sai ta rubuta wa kanta layi guda: lokaci, sashe, kalmar da aka nema, da yawan abin da aka samu. Wannan ita ce rajista. Shekara da shekaru tana taruwa, ko kallo ba ta ishi kowa ba.

Sai aka kawo sabon darakta, mutum mai son alƙaluma. Gini ya yi wa laburaren kaɗan, yana so ya san sashen da ake amfani da shi da wanda ke cin wuri kawai. Ya kira Anti Waya ya ce ta ƙirga masa.

Mako biyu ta yi a kan aikin. Ta sa manhajar da ke kwaso layukan ta tara su wuri guda. Ta rubuta ƙa'idar da za ta riƙa yanka kowane layi gida-gida, lokaci nan, sashe nan, kalma nan. Ita matankaɗi take ce wa ƙa'idar. Layin da ya ƙi shiga tsari sai ya faɗa wani fayil da ta sa wa suna kwandon shara, shi kuma ta saita shi ya riƙa zubar da kansa duk kwana bakwai, kada ya cika ma'aji. Ta gwada da hannunta: ta rubuta kasa, daki, barawo, yan kasuwa, yadda take rubuta wa mijinta saƙo a waya. Duka suka wuce lafiya lau. Ta rufe ɗaki ta tafi cin abinci.

Bayan wata uku ta fitar da rahoto. Sashen shari'a tambaya dubu goma sha ɗaya. Sashen likitanci ya fi haka. Tsofaffin jaridun Hausa da ke ɗakin ƙasa, talatin da ɗaya.

Ɗakin ƙasa kuwa na Kawu ne. Shekara talatin yana can, da tabarau mai igiya da burushin kaɗe takarda, kuma kanun kowane labari shi ya shigar da shi cikin injin da yatsu biyu. Anti Waya ta ga lambar, ranta bai so ba, amma ba ta taɓa ta ba. Ba ta da wasa da aiki, kowa ya shaide ta da haka, ita ma tana ji da wannan shaidar. Kwamiti ya zauna ya yanke: ƙarshen wata a rufe ɗakin, jaridu su shiga kwalaye a kai sito, a cire sashen daga saba, Kawu ya koma teburin bakin ƙofa yana karɓar jakunkuna har ya yi ritaya.

Mahaifiyarta ta kira ta a waya, ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

"Ke kika rubuta wa ƙanena wannan takardar?"

"Inna, ba ni na rubuta ba, injin ne ya ƙirga."

"Injin ne ya kai ki aikin?" in ji tsohuwar, ta kashe.

Saura kwana tara a rufe ɗakin ƙasa, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ɗakin sanyi. Kawu ne, yana haki, bai taɓa hawowa nan ba.

"'Yar nan, ba rigima na zo yi ba. Talatin da ɗayan nan, a rana ne ko a mako?"

"A wata uku ne, Kawu."

"Ikon Allah. To ai ni kaɗai ina wuce haka kafin azahar."

Ta so ta ce masa na'ura ba ta ƙarya, sai dai ba a faɗa wa kawu haka. Ta jawo masa kujera, ta buɗe allon da layukan ke gudu a kai yayin da suke shigowa, ta ce ya nemi wani abu ta gani. Ya gyara tabarau, ya lalubo haruffa ɗaya-ɗaya, ya rubuta 'yan ƙwadago. Injin ya kawo masa labarai ɗari da arba'in. A allon rajista kuwa, shiru kake ji. Ta ce ya sake. Ya rubuta ɓarayin shanu. Nan ma ko gezau.

Ta karɓi allon rubutun ta buga da kanta: yan kwadago. Layi ya fito tsaf, da sifili a ƙarshensa.

"Wane ne kuma Kwadago?" in ji Kawu yana leƙe. "Haba 'yar nan. Kasa daban, ƙasa daban. Ke ma kin bi sahun masu yanke wa haruffa ƙugiya?"

Ta buɗe matankaɗin ta bi shi harafi-harafi, ga abin nan ƙuru-ƙuru. Daga misalin da ke littafin manhajar ta kwafo shi, misalin kuwa haruffan Turanci kaɗai ya sani. Da ya ci karo da ƙ, ko ɗ, ko ɓ, sai ya tura layin kwando. Ɗigon saman da ke gaban 'yan kuma, a wurinsa alamar ƙarshen kalma ce, sai layin ya karye. Kawu ya shigar da komai da ƙugiyarsa, saboda haka wanda bai sa ƙugiya ba ba ya samun komai. Mutanensa, tsofaffin malamai da ɗalibai masu rubuta kundi da ma'aikatan rediyo, duk ya zaunar da su ya koya musu. Talatin da ɗayan da ta ƙirga baƙi ne da suka rubuta irin nata rubutun.

Ta buɗe kwandon shara. Layi dubu biyu da ɗari shida da goma sha huɗu, na kwana shida. Sauran na wata ukun sun tafi, ita da kanta ta ce a riƙa zubarwa. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta kasa ɗaga kai ta dubi tsohon.

Gyaran bai ci mata minti goma sha biyar ba. Ta buga layukan a takarda, ta sauka da su ofishin darakta, ta faɗi komai a tsaye. Mutumin ba mugu ba ne, ya saurare ta har ƙarshe, ya jujjuya takardun.

"Anti, kwana shida ba wata uku ba ne. Kwamiti ya sa hannu, ɗakin ma an riga an ba masu kwamfutoci. Sai dai in kai maganar zaman baɗi."

"Ranka ya daɗe, ka rubuta musu cewa rahoton kuskure ne, kuma nawa ne. Ka sa sunana."

Ya rubuta, ya sa sunanta. Aka saka takardar a fayil.

Ranar ƙarshen wata ita ta cire sashen daga saba, don ba wanda ya iya sai ita. Layi ɗaya ne ake bugawa. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

Matankaɗin yanzu ba ya zubar da komai. Kullum da safe layuka na shigowa da ƙugiyoyinsu cif, kowanne da sifili a ƙarshe, gama mutane ba su daina nema rana ɗaya ba. Makon farko suna haura ɗari huɗu a yini. Wata na biyu suka dawo ɗari. Tana karanta su duka, ko da yake ba wanda ya sa ta, kuma abin yana cinta.

Kawu na teburin bakin ƙofa, tsakanin kantar jakunkuna da kwalin lambobi. Ta nan take wucewa kowace safiya. Sai da aka yi wata huɗu kafin ta iya tsayawa, ta rusuna ta ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe tun a ɗakin sanyinku," ya ce. "Jiya mutum nawa suka nema?"

"Goma sha tara."

"Shekaranjiya fa?"

"Ashirin da shida."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi jakar wanda ke bayanta, ya ba shi lamba.