Na Ƙona Fentin Motar Mijin Mama

A lokacin ina matashi, ina wankin mota a unguwar Fadikpe da ke Minna, kuma ban daɗe da sayen injin goge fenti ba, sai nake ganin babu motar da za ta gagare ni. A layinmu akwai wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna da kowa ke kira Mama. Mijinta ya rasu ya bar tsohuwar mota koriya a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, rana ta cinye ta har ta koma kamar an barbaɗa mata toka. Wata rana Mama ta kira ni, ta ce za a yi wa marigayin addu'ar tunawa a cocinsu na Sabon Gari, kuma a motarsa take son zuwa. Ta ce in goge motar, amma ta gargaɗe ni kada a sake mata fenti, domin wannan shi ne wanda hannunsa ya taɓa.

Ina ɗora injin a kan bonet sai sosonsa ya rine ya zama kore shar. Na tsayar da injin. Ashe fentin zamanin da ne, wanda launi da sheƙinsa a haɗe suke, ba kamar na motocin yanzu da ake fesa wa ruwan kariya a sama ba. Da na share wurin da tsumma sai na yi tsaye baki buɗe. Wani kore ne mai zurfi kamar ganyen shinkafa bayan ruwan sama, ga rassan mangwaron da gajimare suna yawo a cikinsa. Wallahi sai na ce ashe duk shekarun nan wannan kyau yana kwance a ƙarƙashin ƙura. Masu wucewa suka tsaya suna ta masha Allah.

Yabon nan ne ya ruɗe ni. Na ƙara wa injin gudu, na danna shi a kan gefen ƙofar direba inda fenti ya fi siriri. Kafin in ankara, launin ya tafi, sai ƙarfe. Na je na faɗa wa Mama. Ta fito ta daɗe tana kallon fuskarta a jikin ƙofar, hawaye na zuba, ta ce haka motar take ranar da ya shigo da ita Minna. Sannan ta shafa tabon, ta ce in bar shi, ai mijin ma da sanƙonsa ta zauna da shi. Da hannu na ƙarasa sauran, a hankali.

Na koyi cewa duk sheƙin da ka gani a tsohon fenti, wani abu ka kankare kafin ya fito, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. 'Yan uwana masu wannan sana'a, ku gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, ku sassauta hannu a gefe da kusurwa. In abu ya yi kyau, ku san lokacin ɗage hannu, domin ba kowa ne zai yafe muku kamar Mama ba.