Zanen ƙyanda a zauren mai gari

Lokacin da nake aikin rigakafi a Matameye, an taɓa tura ni wani ƙauye wajen Tsauni. Mutanensa sun ce bana ba mai taɓa musu ƴaƴa da allura. In ban shawo kansu ran nan ba, motarmu za ta wuce su, ga bazara ta ƙarato, lokacin da ƙyanda ke ɗibar yara.

Na tafi da takarda ɗaya da na buga a biro, wato ofishinmu, ina ji da ita. Shugabana ya so in yi zanen sanduna, ko na da'ira da ake yankawa kamar kankana. Ni da taurin kai na ce layi zan ja, wa zai kasa gane layi? Layin ya faro can sama ta hagu, shekarun da ƙyanda ta yi ɓarna a yankinmu, yana gangarowa dama tun da aka fara allura.

A zauren mai gari aka miƙa wa liman takardar. Dattijo ne, duk karatunsa na allo ne da littattafan Larabci. Ya ɗora yatsa a gefen dama, inda ya saba farawa, ya bi layin zuwa hagu a hankali.

"Ƴata," in ji shi, "ai takardarki ma ta ba da shaida. Ciwon nan hawa yake ta yi."

Zaure ya ɗau gunaguni. Raina ya ɓaci, saura ƙiris in ce masa ya karanta a baibai. Da na kunyata shi gaban jama'arsa, da magana ta ƙare a nan. Na haɗiye da ƙyar.

Na fita, na zaro karan gero daga danga, na kakkarya. Na dawo na jera su a ƙasa, dogo a dama, suna raguwa zuwa hagu.

"Malam, gafarta, laifina ne, ban zana daidai ba. Tsawon kowane kara shi ne yawan yaran da ƙyanda ta ɗiba. Wannan dogon shi ne shekarar da ba a yi allura ba. Wannan guntun kuma bara ke nan."

Liman ya bi karan da kallo daga dama zuwa hagu. Ni kuwa tsoro ya cika ni.

Sai wani manomi da ke bakin ƙofa ya matso, ya tsuguna, ya taɓa dogon karan.

"Ƴaƴana biyu suna cikin wannan," ya ce. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ku jira ni, bari in ɗauko wadda ta rage."