Na Ƙi Biyan Mai Duba Gida, Na Kira Kawu

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da uku, ina aikin nas a wani asibiti, ni da maigidana da ɗiyarmu ɗaya muna haya a Takoma Park da ke Amurka. 'Yar Jos ce ni, kuma ina da wani hali da har yau ban rabu da shi ba: duk farashin da aka faɗa mini da dala, sai na juya shi zuwa naira a kaina, sannan raina ya ɓaci. Ina ɗauke da ciki na biyu, ga Mama ta samu biza bayan an hana ta har sau biyu, za ta zo ta yi mini jego na wata shida. Burina guda ɗaya ne, ta iso ta same ni a gidan kaina, da ɗakinta na kanta.

Shekarun nan ne da kowa ke rububin sayen gida, banki na ba da bashi kamar ana rabon ruwan sha. Muka samu wani gida a Laurel mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda a nan ake ce wa besmen, an yi masa sabon fenti da sabon kafet, ga banɗaki a ciki, ga ƙofa ta baya mai matakala uku kacal. Mama na fama da ciwon gwiwa, ina gani na ce ɗakinta ke nan. Dillaliyar da ta nuna mana gidan ta ce kafin a kammala ciniki mu ɗauko mai duba gida, wanda sana'arsa ke nan, ya bi ko'ina ya rubuta mana abin da ya gani, kuma kuɗinsa wajen dala ɗari huɗu. Na ce dala ɗari huɗu don mutum ya kalli gida da idonsa? Ni ma ai ina da ido. Nan take na juya kuɗin zuwa naira, sai da na dafe ƙirji.

Kuskurena na farko shi ne na kai ƙorafin nan gaban Kawu, ƙanin Mama, bayan an tashi daga coci. Kawu magini ne, ya yi shekara ashirin da biyar yana gina gidaje a Jos da Bukuru kafin ya zo ƙasar nan ya kama aikin gadi a wani sito. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "'Yata, ina raye za ki biya bare ya duba miki gini?" A gida haka muke yi, in za ka sayi fili ko gida, babba na dangi kake ɗauka ya sa maka ido ya sa albarka. Wallahi har daɗi na ji, na ce ga kuɗina sun tsira.

Ranar Asabar ya zo cikin kaftaninsa da hula. Abin da ya fara yi shi ne tsayawa a tsakiyar titi yana kallon rufi, ya daɗe, ya ce rufin lafiya lau, kuma gidan da rufinsa ke da kyau ruwa bai isa ya shiga ba. Ya shiga ciki yana ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya ce ƙarar kamar ta kwali, amma duk gidajen Amurka haka suke. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya buɗe famfo, ya ja ruwan banɗaki, ya ɗaga kai ya nemi tabon yoyo a silin bai gani ba. Da muka sauka ɗakin ƙasan na ji wani wari kamar na tufafin da aka naɗe ba su bushe ba, kuma na ga wata na'ura a lungu tana gurnani. Kawu ya ce warin sabon fenti ne, na'urar kuwa ta sanyaya ɗaki ce. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce mu saya.

A mota maigidana ya ce, a hankali kamar yadda ya saba, duk da haka mu kira mai dubawan. Na hau shi da faɗa. Na ce da wane ido zan kalli Kawu in ya ji na ɗauko wani a bayansa? Kafin yamma labari ya isa Jos cewa na raina shi, Mama kuma ba za ta raga mini ba. Dillaliyar ta miƙo mini takardar da ke cewa na yafe duba gidan, ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na sa hannu ina jin haushinta, wai ta cika naci.

Mama ta iso, na haihu lafiya. Ɗakin ya yi mata, ta jera akwatunanta a ƙasa, zannuwanta na coci, Littafi Mai Tsarki na Hausa da ta riƙe tun kafin a haife ni, da hoton marigayi Babanmu. Sai watan Afrilu ya zo da ruwa na kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Da safe ina shayar da jariri na ji tana kiran sunana da wata murya. Na sauka na same ta zaune a kan gado ta naɗe ƙafafu, ruwa ya kai idon sawu, silifas ɗinta na yawo a kai. Rufi kuwa ko ɗigo ɗaya bai yi ba. Ta ƙasa ruwan ya ɓullo.

Muka kwashe, muka shanya, muka ce tsautsayi ne. Bayan sati biyu Mama ta fara tari, ƙirjinta na ƙara in tana numfashi, ni da nake nas na san wannan ba mura ba ce. Likita ya ce kada ta sake kwana a ɗakin. Sai a lokacin na kira mai duba gidan, na kuma biya shi dala ɗari huɗun nan cif, ko sisi bai rage ba. Bai yi minti goma a ƙasa ba ya nuna mini tsagewa a tushen ginin, da injin zuƙe ruwa da ya daɗe da mutuwa, da indararo da ke zubar da ruwa daidai gindin bango. Ya ɓare gefen bangon, bayansa baƙi ƙirin da funfuna. Na'urar lungun nan ashe ta tsotse danshi ce, waɗanda suka sayar mana da gidan ne suka sa ta don ɓoye warin. Ya ce da an kira shi tun farko, da mai gidan ya gyara, ko mu fasa. Kuɗin gyaran ya kai na sabuwar mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwan Kawu. Ya sauko, ya kalli bangon da aka ɓare, ya girgiza kai ya ce, "Ni duk ginin da na yi a duniya ban taɓa gina ɗaki a rami ba. Wa ya ce ki sa yayata a rami?" Na buɗe baki zan tuna masa wanda ya ce mu saya, Mama ta daka mini tsawa daga saman matakala, tana tari, wai ba a mayar wa babba magana. Na haɗiye.

Mama ta koma kwana a kujerar falo, banɗaki na sama, kullum tana hawa tana riƙe gwiwa. Wata uku ta yi a cikin shidan ta ce a mayar da ita gida. Har yau in an tambaye ta Amurka, cewa take yi ƙasa ce mai kyau, sai dai 'yarta a rami ta ajiye ta.

Na daɗe ina ɗora wa Kawu laifi, amma gaskiya laifina ne. Ya duba abin da ya sani, gidan bulo na Jos, inda ruwa ta sama yake zuwa. Ni ce na ji warin da hancina, na ga na'urar da idona, na yi shiru saboda rowa da kunya. 'Yan'uwa da ke shirin sayen gida a ƙasar nan, ku biya mai duba gida, ku bi shi ɗaki ɗaki kuna tambaya. Kawunku kuwa ku gayyace shi ranar tarewa, ya yi addu'a, ya ci tuwo, ku ba shi girmansa. Ɗakin nan yanzu ya gyaru, a bushe yake ƙarau, gadon Mama na nan a shimfiɗe. Sau huɗu ina aika mata takardar gayyata, ta ce a gaishe da yara.