Nambar da Likita Bai Faɗa Ba

Baba tela ne, kuma Turancinsa kaf bai wuce na bakin aikinsa ba: inci, yadi, namba. Amma waɗannan ɗin ya riƙe su gam, ko a tsakiyar hayaniyar kasuwa aka furta ɗaya sai kunnensa ya cafke. Wannan kunnen ne ya jawo mana rigima a Alƙahira.

Ina shekarar ƙarshe ta karatu ciwon suga ya taɓa masa ido. Mutumin da yake zura zare a allura yana hira, ko kallonta bai yi ba, sai ga shi yana laluben kafarta har ransa ya ɓaci. Yayyena suka haɗa kai suka turo shi wurina a unguwar Madinat Nasr, inda muke haya da wasu abokan karatu. Buƙatarsa ɗaya ce, ya koma gida yana ganin bakin almakashinsa. Ya baro yadukan mutane jibge a shago, ga azumi na matsowa, ɗinkin salla na jiransa.

Likitan idon da muka je wurinsa mutum ne mai fara'a da sauri. Na gaishe shi da Larabcin littafi, irin wanda muke ji da shi a aji, ya yi ɗan murmushin da Misirawa ke yi wa irinmu, ya juya zuwa Turanci. Ya haska idon Baba, ya duba hotunan da aka ɗauka, sannan ya ce, "He will need a number of injections." Allura ce a cikin ƙwayar idon, wata-wata, kuma idan aka tsaya a tsakiya abin da aka samu yana iya zubewa.

Na ce, "Baba, ya ce za a yi maka allurai da dama."

"Nawa?"

"Bai faɗa ba."

Baba ya juyo da idonsa mai ɗan sauran gani ya kafa mini. "Ya faɗa. Na ji namba da kunnena."

Tun a cikin bas ɗin komawa na fara bayani, kuma har yau ban gama jin haushin wannan magana ta Turawa ba. Wane irin yare ne zai sa maka namba a baki, ya zare nambar ya bar ka da fanko? Na ce masa haka suke faɗa idan abu yana da ɗan yawa kuma ba a ƙayyade ba. Na ce kamar mu ce da dama, ko barkatai, ko ba iyaka.

"To me ya hana shi ya ce barkatai?"

"Baba, ai kai ma idan ka ce wa mai kaya ya dawo nan da kwana biyu, ba biyun kake nufi ba."

Na ɗauka na kama shi, don duk unguwarmu an san kwana biyun Baba tana iya kai mutum wata. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ni idan na ce kwana biyu, na san ranar a cikina, ɓoyewa nake yi. Shi ma ya sani. Kai ma ya gaya maka."

Shi ke nan, magana ta zauna a ransa. Ko dai alluran sun yi yawan da nake tsoron faɗa, ko kuma nambar ta kwanakin da suka rage masa ce kafin idon ya rufe. Aka yi allurar farko, ya daure bai ko motsa ba, amma ya daina yi mini hira. In na sayo wake da gurasa da safe sai ya gutsura ya ture. Wata rana ina wanke kofuna na jiyo shi a waya yana gaya wa yayata, "Ƙaninki ya zo Masar ya koyi ɓoye magana." Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai. Ni da na bar darasi ina riƙe da hannunsa muna tsallaka titunan da mota ba ta san birki ba, ni ne kuma maƙaryaci.

Na kira wani abokin zamanmu ɗan Jos, wanda duk gidan ba mai Turancinsa, na ce ya taimake ni. Ashe ƙara dagula lamarin zai yi. Ya gyara zama ya shiga zuba wa Baba 'yan'uwan kalmar, wai akwai wadda asalinta biyu ce amma tana iya zama huɗu, akwai wadda asalinta dozin ce amma ba mai ƙirgawa, akwai ma wadda aka ƙaga musamman don kada a san adadi. Baba ya saurare shi tsaf har ya kai aya, ya yi masa godiya, ya sa masa albarka. Yana fita ya ce mini, "Kun haɗa baki da kyau, Malam." Idan Baba ya kira ni Malam, to ba girmamawa ba ce.

Ranar komawa asibiti na shiga da shirina. Bayan an duba idon na roƙi likita da Turanci, na ce don Allah ya ba mu adadi, ko na kintace ne, tsohon nan ya hana kansa sakat. Ya ɗan karkata kai ya ce, "Quite a number, I think."

Baba ya mintsine ni a gwiwa. "Ga ta nan kuma."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ajiye Turanci, na ajiye Larabcin aji, na ɗauko na 'yan bas, na ce, "Kam marra, ya doktor?" Sau nawa, kawai. Muryata ta ɗaga fiye da yadda na so. Likitan ya ajiye biro, ya bar ni ya dubi Baba, ya buɗe tafukansa biyu ya ce, "Kaza marra, ya hagg. Ma'alish, a yi haƙuri. Allah ne masani, idon ne zai nuna mana."

Ban kai ga fassara ba Baba ya riƙe mini hannu.

"Kaza ya ce?"

"Kaza ya ce, Baba."

"Irin tamu? Sau kaza?"

"Ita ce dai. Su ma haka suke faɗa."

Ya sake mini hannu. Wannan kalmar ba ya neman tafinta a kanta, ya san ba komai a cikinta. Ita ake faɗa idan za a ba da misali, wane ya zo ranar kaza ya sayi yadi kaza.

A bas na zauna ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Gaskiyata ta fito, ina jiran ya ce in yi haƙuri, ko ya yi irin tsokanar da ya saba idan ya san shi ne bai da gaskiya. Muna cikin cunkoso, direba na ta zuba oda, sai ya ce a hankali, "Da ɓoye mini kake yi, da ya fi mini."

Na ce, "Haba Baba."

"Da ɓoyewa kake yi, da akwai wanda ya sani. Yanzu ba kowa." Ya goge idon da hankici. "Ni ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ban san awonsa ba. Ka nemo mini jirgi."

Ba irin magiyar da ban yi ba. Na tuna masa abin da likita ya ce game da tsayawa a tsakiya, na sa yayyena suka kira shi ɗaya bayan ɗaya, na yi fushi na daina magana, na dawo na roƙa. Ya ce zai iya zama a garin mutane ya ƙirga wata ko nawa ne, in dai akwai na ƙarshe. Zaman da ba shi da bakin ƙarewa ne ba zai yi ba, ga kayan mutane suna jiransa. Ya ce zai je ya sallami ɗinkin salla ya dawo. Kafin azumi ya kama ya tafi.

Salla ta wuce, babbar ma ta wuce. Yayata ta gaya mini a ɓoye cewa ɗinkin nan ba shi ya yanka ba, wani tela maƙwabcinsa ya kai wa, shi dai yana zama a bakin shago yana shafa yadi da hannu yana faɗin sunansa. Na kira shi, muka gaisa, ya tambayi ɗan Jos da Turancinsa. Na ce, "Baba, likita fa yana tambayarka. Yaushe za ka dawo?"

Ya ce, "Ina nan tafe. Nan da kwana kaza."

Ina tsaye a barandar gidanmu, motoci na ta oda a ƙasa, sai na ji kaina ina ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo.

"Nawa, Baba? Kwana nawa?"