Ranar da Na Zubar da Lallen Ƙawata

A shekarun da nake kwalejin horon malamai, ni yarinya ce mai shiru daga Gummi, na fi sabawa da littafi a kan mutane. Ba na iya kallon idon mai yi mini magana, ƙara kuma tana sukar kaina kamar allura. Inna takan ce miskilanci ne. Sai da na girma wani likita a Sakkwato ya ce galahanga ce, haka aka halicci ƙwaƙwalwata. Na ɓoye maganar har ga ƙawata tilo, 'yar Bukkuyum da muke ɗaki ɗaya, wadda ba ta taɓa tilasta mini hira ba.

Da aurenta ya tashi ta ce ni ce babbar ƙawa. Na amsa, don ina tsoron in na ƙi zan rasa ta. Ranar sa lalle mata suka cika tsakar gida, masu kalangu na ƙofa. Ina riƙe da ƙwaryar lalle wata gwaggonta ta rangaɗa guɗa daidai kunnena. Ban san sadda na saki ƙwaryar ba, lalle ya fantsama a zannuwan mutane. Na toshe kunnuwa na ruga bayan rumbu, ina jiyo ana cewa hassada ce, wasu na cewa iskoki. Na tabbata zumuncinmu ya ƙare.

Ina nan tsugune sai ga amarya, wadda bai kamata a ga ko fuskarta ba, tana jan ƙafafu a ƙunshe. Ta zauna a ƙasa, ba ta taɓa ni ba, ta jira har na natsu. Nan na faɗa mata komai. Ta ce ai tun shekarar farko ta lura ina barin aji in an tayar da janareta, ko na ɗauka makauniya ce ita? Guɗar gwaggo kuwa, in ji ta, ko awaki gudu suke yi. Ta koma ta shaida wa mata cewa mai son guɗa ta jira sai na shiga ɗaki. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin amarya marar kunya irin wannan ba, amma ta jira.

Abin da ke damuna shi ne na raina zuciyarta, na zaci sai na ɓoye kaina za ta riƙe ni. Masu irin halittata, kada ku bari sai a tsakiyar taro masoyinku ya san abin da ba ku iya ɗauka. Ku faɗa masa tun kuna ku biyu.